Hannun Surukar Malam Yohanna

Ranaku da yawa na aikin asibiti sun shige mini kamar ban yi su ba, amma ban taɓa mantawa da wata Asabar ta daminar 1955 ba, ranar da na sa magidanci mai mutunci ya tuɓe takalmi ya shiga ɗakin surukarsa. Ku da kuka kama aiki jiya-jiya kuna iya cewa, to mene ne a ciki? A wancan zamani ba ƙaramin abu ba ne, kuma da bai shiga ba da wuya tsohuwar ta ga Litinin. Har yau idan aka tambaye ni aikin da na fi alfahari da shi, ba na kawo labarin miki da na ɗinke ko ƙaya da na zaro. Wannan nake kawowa.

A lokacin ina ƙaramin malamin asibiti a wani ɗan sha-ka-tafi da ke bakin hanyar Zariya, gaba da Kawo kaɗan. Sha-ka-tafi asibiti ne da ba a kwantar da kowa: a duba ka, a ba ka magani, ka kama hanyar gida. Mu uku ne ma'aikata. Akwai babban malami, Malam Barau, tsohon soja da ya koyi aikin a hannun likitocin yaƙi. Sai ni a ƙarƙashinsa, ina auna zafin jiki ina haɗa magani. Sai mai wanke miki, wanda shi ne kuma mai shara da ɗebo ruwa. Likita yakan zo daga babban asibitin cikin gari lokaci-lokaci ya duba abin da muke yi, abin da ya fi ƙarfinmu kuwa can muke turawa. Mutane na zuwa mana tun daga Katabu da Rigachikun, wasu a ƙasa, wasu a kan jaki. Da damina, yawancin masu zama a kan bencinmu zazzaɓin cizon sauro ne ya kawo su.

Ga yadda muke yi da zazzaɓi. Mai ƙarfin zuwa kullum, a gabanmu yake shan kwinin ɗinsa, domin in ka ba mutum ya tafi da shi, sai ya raba da maƙwabta ko ya ɓoye don gaba. Wanda ba ya iya zuwa kuwa, mukan zuba masa a kwalba, mu manna 'yar takarda mai gaɓa-gaɓa a jikinta, kowace gaɓa sha ɗaya. Kwalba tana wuya a lokacin, saboda haka doka ce idan magani ya ƙare a wanke ta a maido mana. Ku yanzu da kuke jefar da kwalabe a bola ba za ku gane ba, amma mu ta kwalbar da ta dawo muke sanin halin da majiyyaci yake ciki.

A farkon wannan mako aka kawo mana wata tsohuwa, ana ce mata Inna Saratu, jikinta kamar garwashi, haƙora na kaɗawa. 'Yarta Hannatu ce ta riƙo ta. Hannatu matar Malam Yohanna ce, wani kafinta a Unguwar Dosa, wanda shi ya ƙera mana bencin da marasa lafiya ke zama. Kirista ne, kuma shi ke yi wa 'yar jama'arsu wa'azi ran Lahadi a wani coci mai rufin ciyawa. Mutum ne da ba ya ha'inci ko a ƙusa ɗaya. Muna shiri ƙwarai, ni ina ce masa Malam, shi yana ce mini Malam Ladan. Tsohuwar ta zo ne daga ƙauyensu na kan duwatsu, can wajen Jos, don ta ga jikokinta. Mutanen can, da sanyi bai bar sauro ya sake ba, idan sauron Kaduna ya same su ba ya yi musu da sauƙi. Malam Barau ya duba ta ya ce a ba ta kwalba. Na haɗa, na nuna wa Hannatu gaɓoɓin, na ja mata kunne cewa ko an ji sauƙi kada a bari sai an ga gindin kwalba.

Ran Asabar da hantsi sai ga Hannatu a bakin taga, ta miƙo mini kwalbar. Na ɗaga ta a haske, ko rabi ba a sha ba.

"Malam ya ce a gode muku," in ji ta, idonta a ƙasa. "Inna ta warke. Ya ce a maido sauran, a ba wani mai buƙata."

"Ta warke yaushe?"

"Tun ran Talata da yamma. Malam ya yi mata addu'a, ta yi gumi, ta tashi ta ɗauki tsintsiya. Gobe za a yi godiya a coci."

Na ce madalla, na tambaye ta ko tsohuwar na cin abinci. Ta ce tana ci. Amma wadda ke murnar warkewar uwarta ba haka take tsayawa ba. Kafin in sake buɗe baki ta juya ta tafi da sauri, kamar ta bar tukunya a wuta.

Na kai wa Malam Barau kwalbar. Ya dube ta, ya dube ni, ya girgiza kai.

"Ladan, ka san halin zazzaɓin nan. Baƙo ne da ke yin ban kwana da safe, da azahar ka gan shi ya dawo da tabarmarsa."

Na sani kuwa. Tun kafin in taɓa riƙe ma'aunin zafi na sani, domin mahaifina a Zariya malami ne mai duba littattafan ɗibbu na Larabci, waɗanda aka ce Larabawa sun gado daga likitocin Yunanawa na da can. Mutanen nan ba su san sauro ke kawo shi ba. A ganinsu zazzaɓi wuta ce da jiki ke hurawa don ya dafa wani mugun abu da ya taru a ciki, gumi kuwa alama ce abin ya nuna. Sun yi kuskure a wurare da dama, amma ido gare su. Sun lura akwai zazzaɓin da ke zuwa kullum, akwai mai tsallake rana, akwai mai tsallake biyu, har suna raɗa wa kowanne suna da ranar dawowarsa. Mahaifina yakan ce mai hankali ba ya taya majiyyaci murnar gumin farko.

Na ce wa Malam Barau ina so in je in gan ta. Ya ce ƙa'idar aiki ba ta ba mu damar shiga gidan da ba a kira mu ba, kuma wannan magana ta taɓa addini.

"Kai ba limami ba ne, ba fasto ba," ya ce. "Ranar da aka ji malamin asibiti ya je ya ƙaryata addu'ar mutane, an daina zuwa nan ke nan, nasu da namu. Amma yau Asabar, rabin rana muke yi. In an tashi, ƙafarka taka ce, kekenka naka ne." Sannan ya turo mini kwalbar a kan tebur, ya ɗora ma'aunin zafi a gefenta. "Tafi da ita. Ni ban ga an maido komai ba."

Da na idar da sallar azahar na hau keke. An yi ruwa da safe, hanya duk taɓo, wani wurin ma turawa na yi. Unguwar Dosa a lokacin 'yan gidaje ne jefi-jefi a tsakanin gonakin dawa. Tun daga nesa na ji lugude. Gidan cike yake da matan coci, masu surfe na yi, masu tankaɗe na yi, duk na abincin godiyar gobe. Malam Yohanna yana rumfar aikinsa a ƙofar gida yana goge katako. Na gaishe shi, na ce na zo yi wa Inna barka. Ya ji daɗi, ya ce in shiga, gidana ne.

Na same ta zaune a gindin bango, faifai a cinya, tana tsince tsakuwa daga cikin acca da ta kawo daga garinsu. Rana ta fito tarwai, amma ita ta lulluɓa da gwado. Leɓenta duk ya tsattsage. Na durƙusa na gaishe ta.

"Inna, yaya jiki?"

"Jiki ya yi kyau, ɗana. Sai godiya."

"In ɗan auna ki?"

Ta ja hannunta ta cusa cikin zane. "Mai lafiya ake aunawa? Surukina ya roƙi Allah, Allah ya ji. Je ka auna marasa lafiya."

Ta miƙe tana dafa bango, ta shiga ɗakinta, ta saki asabari. Ba tafiyar mai lafiya ba ce, kowa mai ido zai gani, amma matan duk hankalinsu na kan turmi. Hannatu ta yafito ni wajen randa kamar za ta ba ni ruwa.

"Malam Ladan, don Allah kada ka ce ni na faɗa. Tun ran Alhamis ya dawo mata. In ya taso sai ta shiga ɗaki ta cije zane don kada a ji haƙoranta. Jiya da Malam ya tafi aiki cikin gari ta sa na kira wanzami ya yi mata ƙaho, wai a zuƙe mataccen jini. Na yi mata sirace da ganyen gwanda da na mangwaro. Ba abin da ya ragu. Abincin ma ba ci take ba, wa jikoki take turawa."

"Me ya hana ki gaya wa mijinki?"

"Ta ce in na faɗa ba ta yafe mini nonon da na sha ba. Ran Laraba a taron addu'a Malam ya tsaya gaban jama'a ya ba da shaida a kanta. Ta ce yanzu in aka ji ta koma kwance, da wane ido za a dubi surukinta? Wai gara ta mutu a tsaye da ta kunyata shi."

Ban ga laifin wanzami ba, abin da ya gada ya yi, ko a littattafan mahaifina ana cewa a rage wa mai zazzaɓi jini. Amma zazzaɓin sauro jini yake sha, ga shi kuma an ƙara zuƙe ɗan da ya rage mata. A nan kuma na gane inda gizo ke saƙa. Mutanen su Malam Yohanna ma suna da kunyar suruki kamar mu, tasu ma ta fi tamu tsanani. Miji ba ya shiga ɗakin uwar matarsa, ba ya kiran sunanta, ba ya cin abinci inda take. In sun yi kiciɓis a tsakar gida, ɗaya ya kauce. Ke nan Malam Yohanna bai ga tsohuwar nan da idonsa ba tun da ta kwanta. Iyakar abin da ya sani shi ne ƙarar tsintsiyar da ya ji. Shi yana can yana murna Allah ya amsa, ita tana nan tana mutuwa don ta tsare masa mutunci, kuma babu mugu ko ɗaya a cikinsu.

Na fita na zauna a rumfarsa a kan wani guntun katako. Raina a ɓace yake. Ina da saurin baki a ƙuruciya, kuma abin da ya fara zuwa mini shi ne in ce masa zai kashe tsohuwar mutane. Na tuna maganar Malam Barau na haɗiye. Tona asirin Hannatu kuwa ba hanya ba ce, don haɗa uwa da 'ya zan yi, tsohuwar kuma ta ƙara taurin kai. Sai na ce masa ina so ya ba ni labarin abin da ya karanta mata ran Talata.

Fuskarsa ta washe. Ya ajiye kayan aiki, ya karkaɗe hannu. Ya ce a Littafinsu an ba da labarin ranar da Almasihu, wato Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya je gidan wani almajirinsa masunci, ya tarar da surukar masuncin kwance da zazzaɓi. Ya tsawata wa zazzaɓin ya sake ta, nan take ta tashi ta yi wa baƙi hidima.

"Ka gani, Malam Ladan? Suruka, a gidan surukinta, da zazzaɓi. Da na buɗe wurin nan sai da tsigar jikina ta tashi, kamar da gidana ake. Kuma kada ka ɗauka Littafinmu bai san aikinku ba. Cikin waɗanda suka rubuta labarin har da likita, shi ne ma ya ƙara da cewa zazzaɓin mai tsanani ne."

"Ashe ɗan'uwanmu ne," na ce. "To tunda har ya san mai tsanani ne, ya bincika ke nan. Amma gaya mini, Malam, da aka je warkar da ita, daga ƙofar gida aka tsaya?"

"A'a. Ya je har inda take kwance, ya kama hannunta, ya tashe ta."

"Kai fa, daga ina ka yi taka addu'ar?"

"Daga bakin ƙofa mana, bayan asabari."

"Ka kama hannunta?"

Ya dube ni kamar na zage shi. "Haba, Malam Ladan! Surukata? Ni ko fuskarta ban taɓa ƙare wa kallo ba tun da na auri Hannatu."

Na ce masa ban zo musu ba. Ikon Allah ba abin musu ba ne, kuma ni ma na gaskata Annabi Isa ya warkar da marasa lafiya da izinin Ubangiji. Abu ɗaya nake roƙo. Tunda gobe zai tsaya gaban jama'a ya ce abin da ya faru a wancan gida ya faru a nasa, to ya cika labarin. Ya shiga ya kama hannunta. In ya ji shi da sanyi, ni da kaina zan zo gobe da kwanona in ci tuwon godiya a bakin coci.

Kada ku ɗauka mutum ne da ake juyawa da daɗin baki. Ya yi murmushi ya ce, "Ka yi wayo, amma ka tsallake abu ɗaya. Ba surukin ne ya kama hannun ba, mai warkarwa ne. In kamun hannu ne, ai kai ne mai magani. Je ka kama."

Ya kama ni, don gaskiya ya faɗa. Na ce, "Na nema, Malam, ta ɓoye mini shi cikin zane. Ka tambayi kanka, mai lafiya tana ɓoye wa malamin asibiti hannu? A gidan nan mutum ɗaya ne ba za ta iya ce wa a'a ba, kuma dominsa take ɓoyewa."

Ya juya ya dubi ƙofar gida. Lugude na ta tashi daga cikin gida. Na ga gumi ya tsattsafo masa a goshi.

"Mata cike da gida," ya ce a hankali. "Kafin magariba duk unguwa ta ji Yohanna ya shiga ɗakin surukarsa."

"Za ta ji," na ce.

Sai ya miƙe.

Da ya ratsa tsakar gida ya nufi ɗakin, taɓare suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Wata dattijuwa ta kama baki. Ya tuɓe takalmi, ya cire hula, ya yi sallama, ya ɗaga asabari ya shiga a durƙushe. Ni da Hannatu muka tsaya a bakin ƙofa. Tsohuwar tana dunƙule a kan tabarma cikin gwado, jikinta na karkarwa. Da ta gane wanda ya shigo, ta ja zane ta rufe fuska ta juya wa bango.

"Wayyo, me zan gani yau? Fita, ɗan mutane, fita! Lafiyata lau."

"Ki gafarce ni, Inna," in ji shi. "Ki ba ni hannunki."

"Ba a yi."

"Na san ba a yi. Uwata ta rasu ina goye, ban san hannunta ba. Yau ke ce ita. Ki ba ni."

Can sai hannu ya fito daga ƙarƙashin gwado, siriri. Ya tallabe shi da hannu biyu. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sake nan take kamar tasa ba. Ya juyo ya dube ni, hawaye na zuba, ya ce, "Malam Ladan, wuta ce." Sannan ya sunkuya ya ce mata, "Ni na jawo miki wannan, Inna. Na yi addu'a, ban duba ba."

Ta fashe da kuka a ƙarƙashin zanen. "Ka riga ka gaya wa jama'a."

"Jama'a tawa ce, ni zan ji da su. Ke dai ki sha magani."

Daga nan aikina ya fara, kuma shi ne mai sauƙin. Ma'auni ya hau inda ban so ba. Tafin hannunta da cikin idonta fari fat, saifarta ta kumbura, ga sawun ƙaho jere a bayanta. Na sa aka yaye gwadon. Matan suka yi caa, wai sanyi zai kama ta, don a saninsu mai zazzaɓi lulluɓe shi ake yi har ya yi gumi. Malam Yohanna ya ce a yi yadda na ce. Na sa Hannatu ta jiƙa tsumma tana goga mata a jiki, na auna gaɓa ɗaya ta kwinin a ƙoƙo. Daga hannuna ta ƙi karɓa. Shi ya karɓa, ya kau da kansa gefe don ta samu ta buɗe fuska, ya miƙa mata. Ta shanye tas.

Na gaya masa wannan ya wuce sha-ka-tafi, sai babban asibiti, kuma yau ba gobe ba. Bai yi gardama ba. Ya ɗauko wata ƙofa da yake ƙera wa wani, aka shimfiɗa tabarma a kai, mazan unguwa suka ɗauke ta zuwa bakin hanya. Muka tsayar da wata motar itace da ta fito daga Rigachikun, direban ya ce a sa ta gaba ita da 'yarta, mu muka hau kan itace. A can aka kwantar da ita, aka yi mata allura, aka ɗora ta kan maganin ƙarin jini. Likitan da ya karɓe ta ya ce da an bari ta yi tsayuwar girkin Lahadi, da wani labarin ake yi.

Muna zaune a barandar asibitin da la'asar, Malam Yohanna ya ce mini ba tare da ya dube ni ba, "To addu'ar tawa banza ce ke nan?" Na ce ni ban isa in ce haka ba. Mu ma ana koya mana a nemi magani, Allah ke warkarwa. Ni kwinin nake haɗawa, amma ban taɓa ba mutum shi ban ce Allah ya sa a dace ba. Ya gyaɗa kai, muka ci gaba da zama.

Ban je cocin ba ran Lahadi, Hannatu ce ta ba ni labari daga baya. An dafa abincin, tunda an riga an yi surfe. Malam Yohanna ya tsaya gaban jama'arsa ya ce shaidar da ya bayar ran Laraba ya yi gaggawa. Ya ce laifin ba na Littafi ba ne, nasa ne, shi da ya ɗauki ƙarshen labari ya bar tsakiyarsa. Ya ce Allah ya amsa addu'arsa, sai dai amsar ba ran Talata ta zo ba, ran Asabar ta zo, tana tura keke cikin taɓo. Wasu sun yi dariya, wasu sun yi gunaguni, an kuma yi ta tsegumin shigarsa ɗakin har bayan kaka. Ya shanye. A wurina tsayuwar nan ta fi shiga ɗakin wuya, kuma ina alfahari da na san mutum irinsa.

Ran Litinin na ba Malam Barau labari daga farko har ƙarshe. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Ka yi musu da shi?" Na ce ban yi ba. Ya ce, "To yau ka fara zama malamin asibiti. Je ka auna mutane, suna jira." Mutum ne da yabo ke yi masa wuyar fita, don haka na yini ranar ina jin kaina a sama.

Inna Saratu ta tashi. Bayan an sallame ta ta ƙara zama a gidan har ruwa ya ɗauke, sannan ta shirya komawa kan duwatsunta. Ranar tafiyarta ta sa Hannatu ta biyo da ita ta wajenmu. Tsohuwar ta yi ƙiba, ta dire mini ƙwaryar acca a kan taga.

"Kai ne ɗan nan da ya ɓata mini suruki?" ta ce.

Na ce ni ne, Inna, a yi mini afuwa.

"Yanzu kullum da safe kafin ya tafi aiki sai ya zo bakin ƙofa ya ce, Inna, hannu. Ni kuwa ba zai sake shigo mini ɗaki ba, sau ɗayan ma ya isa abin kunya. Sai in zuro hannun ta ƙarƙashin asabari, ya taɓa, ya ce an gode Allah, ya tafi. Ka taɓa ganin irin wannan?"

Tana faɗa tana ɓata fuska, amma idonta dariya yake yi. Hannatu ta rufe baki da gefen mayafi.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Mutanenmu ba su cika yi wa malamin asibiti ƙarya don mugunta ba. Kara ce da kunya ke sa su. Mutum zai ce maka ya warke alhali yana ci da wuta, don ya tsare fuskar wani da yake ganin girmansa. Aikinka ka gano don wa yake ɓoyewa, domin maganinka ba zai shiga bakinsa ba sai ta hannun wannan mutumin. Kuma kada ka yi faɗa da abin da mutum ya gaskata. Ka zauna ka saurare shi har ya kai ƙarshe, sau da yawa hanyar da kake nema tana ciki. Na daɗe ina aikin nan bayan wannan, a ƙauye da birni, kuma duk wanda ya zo ya ce mini majiyyacinsa ya warke, ba na tambayarsa abin da majiyyacin ya ce. Nakan dube shi in ce, kai da kanka, ka taɓa hannunsa?